Kwas ɗin tattaunawa tsakanin ɗalibai masu bambancin asali a jami'o'in Amurka: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da rajistar kwasa-kwasai ta ƙarato, sai ƙannenmu da suka samu gurbin karatu a Amurka su fara turo hoton wani kwas da suka gani a kundin jami'a, suna tambaya ko ya cancanci a ba shi lokaci. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kowace shekara, shi ya sa na tara su wuri guda. Na zauna a irin wannan zama ina ɗalibi, daga baya kuma na ja ragamar wasu, don haka inda ra'ayina ya shigo ba zai ɓoyu ba.

Wane irin kwas ne wannan?

A kundin yawancin jami'o'i sunansa Intergroup Dialogue. Ana haɗa ɗalibai 12 zuwa 18 daga rukuni biyu da ke da tarihin rashin jituwa ko rashin daidaito a tsakaninsu, a raba su kusan rabi da rabi, su riƙa zama sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu har zangon karatu ya ƙare. Kowane aji da jigonsa na zangon gaba ɗaya: wani a kan launin fata, wani maza da mata, wani addini, wani 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, wani 'yan ƙasa da baƙi. Babu malami a gaban allo. Kujeru a zagaye suke, kuma mutum biyu da aka horar ne ke jan ragama.

Akwai karatu da ake bayarwa kafin kowane zama, amma ainihin darasin shi ne rayuwar waɗanda ke zaune a ɗakin: inda aka haife su, abin da aka faɗa musu a gida game da “waɗancan mutanen”, da abin da suka gani da idonsu.

Ina abin ya samo asali?

Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor. A farkon 1987 wani gidan rediyon ɗalibai na jami'ar ya watsa barkwancin cin mutuncin baƙaƙen fata, aka kuma tura takardar barazana cikin wani ɗakin taro na masaukin ɗalibai inda baƙaƙe ke zaune. Zanga-zanga ta ɓarke, har sai da Jesse Jackson, fitaccen mai fafutukar 'yancin baƙaƙen Amurka, ya zo garin ya shiga tsakanin ɗalibai da shugaban jami'ar na lokacin, Harold Shapiro. A 1988 aka kafa shirin da a yau ake kira Program on Intergroup Relations, IGR a taƙaice, haɗin gwiwa tsakanin kwalejin adabi da kimiyya da fasaha ta jami'ar da sashen kula da harkokin ɗalibai. Daga nan ne tsarin ya bazu zuwa wasu jami'o'i, sau da yawa ta hannun waɗanda suka koyi aikin a Michigan, irin su Ximena Zúñiga da ta koma Jami'ar Massachusetts a Amherst da Biren Nagda da ya koma Jami'ar Washington.

Tunanin da ke ƙarƙashinsa ya girmi shirin. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya ce cuɗanya tana rage ƙyama, amma da sharaɗi huɗu: ɓangarorin su zauna a matsayi ɗaya, su kasance da buri guda, su yi aiki tare ba gasa ba, kuma hukuma ta goyi bayan haɗuwar. Mu da muka taso da “zo mu zauna, zo mu saɓa” mun san zama kaɗai ba ya gyara komai. Duk tsarin kwas ɗin ƙoƙari ne na cika waɗannan sharuɗɗa a ɗaki guda.

Da me ya bambanta da muhawara?

A muhawara kana sauraron abokin hamayya ne don ka gano inda zai zame ka kayar da shi. A nan ba a neman wanda ya ci. Ana so ka gane yadda aka yi mai hankali kamarka ya kai ga ra'ayin da kake ganin shirme ne, ko da kuwa za ka tashi ba ka yarda da shi ba. Shi ya sa ake hana “mutane suna cewa” da “kowa ya sani”. Za a dakatar da kai a ce ka yi magana da bakinka: me kai ka gani, me ya same ka, wa ya koya maka.

Ga wanda ya yi ƙungiyar muhawara a sakandare, wannan yana da wuya fiye da yadda ake zato. Ni makonni uku na farko amsa nake shiryawa a kaina tun mutum bai kai rabin zancensa ba.

Su wane ne masu jan ragamar, kuma me ya sa biyu?

A Michigan ɗalibai ne 'yan uwanka, waɗanda suka yi kwas na horo na zango guda, sannan malamai ke bibiyar aikinsu mako-mako yayin da suke jan ragama. A wasu jami'o'in ma'aikata ne ko ɗaliban digiri na biyu da na uku. Biyu ne saboda ana ɗauko ɗaya daga kowane rukuni: in zaman maza da mata ne, namiji da mace, in na launin fata ne, farar fata da wanda ba farar fata ba. Kowane ɓangare zai ga nasa a gaba, kuma ɗalibai na kallon yadda su biyun ke saɓawa su ci gaba da aiki tare.

Ba alƙalai ba ne, kuma ba 'yan ba-ruwanmu ba ne. Ana koya musu su kasance tare da kowa, amma su lura da muryar da ake dannewa su buɗe mata hanya. Wannan batu na ƙarshe shi ne wanda masu suka suka fi kamawa. Duba amsar da ke magana a kan cusa aƙida.

Yaya zangon yake tafiya?

Matakai huɗu ne. Na farko sabo ne da kafa ƙa'idojin zama, waɗanda ɗalibai da kansu ke rubutawa a manna a bango. Na biyu tono asali: kowa ya cike wata takarda mai zagaye da aka yanka gida-gida, launin fata, jinsi, addini, harshe, arzikin gida, ƙasa, sannan ya nuna wanne ya fi tunawa da shi kullum, wanne kuma ba ya ma tuna yana da shi. Nan ake fara ganin abin mamaki, domin yawanci gidan da mutum ba ya tunawa da shi shi ne wanda bai taɓa jawo masa wahala ba. Mataki na uku ne ake taɓo masu zafi, irin su 'yan sanda, shige da fice, zubar da ciki ko rikicin Gabas ta Tsakiya. Na huɗu aikin haɗin gwiwa ne da ƙananan rukunoni masu gauraye ke yi a harabar jami'a.

Akwai wata hanya da ake yawan amfani da ita a mataki na biyu. Rukuni ɗaya zai shiga tsakiya ya yi da'ira, su yi magana a tsakaninsu kamar babu kowa, ɗaya rukunin na zagaye da su a waje, an hana su cewa uffan. Bayan kamar minti ashirin sai a juya. A wani zaman maza da mata da na ja, matan da ke tsakiya suka shiga lissafa abin da suke yi in dare ya same su a hanyar komawa masauki: riƙe makulli tsakanin yatsu, yin kamar suna waya, tura wa ƙawa hoton lambar motar haya. Su dariya ma suke yi, don abin yau da kullum ne a wurinsu. Wani saurayi da ke da'irar waje, ƙato ɗan wasan ƙwallo, ya yi ta murza murfin gorar ruwansa. Da aka ba su dama abin da ya ce kawai shi ne yana da ƙanne mata biyu, kuma bai taɓa tambayarsu ba.

Jerin matakan yana da dalili. Wanda ya tsallake makonnin farko ya faɗo a mako na takwas zai ga kamar faɗa ake yi, alhali mutanen sun riga sun san sunayen iyayen juna.

Ni daga Afirka na zo. A zaman launin fata wane ɓangare za a sa ni?

Ɓangaren waɗanda ba fararen fata ba, tare da baƙaƙen Amurka, 'yan asalin Latin Amurka da 'yan Asiya. Kuma a nan ne namu suka fi rikicewa. Kai da ka taso kana sanin kanka Bakano ko Bazazzagi ko Badamagare, Bahaushe ko Bafulatani, Musulmi ko Kirista, ba ka taɓa tashi da safe ka tuna kai baƙi ne ba, tunda kowa baƙi ne. Sai ga shi an ajiye ka kujera ɗaya da wanda kakarsa ta sha ruwa a famfon da aka rubuta wa “na baƙaƙe”, ana jiran ku yi magana da murya ɗaya.

Shawarata kada ka ari tarihin da ba naka ba, kada kuma ka yi saurin cewa “ni ban taɓa ganin wariya ba”. Na farkon ƙarya ce. Na biyun, ko da gaskiya ne a watanninka na farko, yana faɗowa a kunnen ɗan'uwanka baƙin Amurka kamar kana cewa shi ne mai ƙorafin banza, kuma wasu a ɗaya ɓangaren za su ɗauki maganarka su yi masa bulala da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faɗi naka yadda yake: yaushe ka fara jin an kira ka baƙi, me aka gaya maka a gida game da baƙaƙen Amurka kafin ka taso (da yawanmu an ja mana kunne a kansu, mu faɗi gaskiya), kuma a garinku wane ne ake yi wa kallon da ake yi maka a nan.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi yi mini amfani. A Amurka ina cikin marasa rinjaye ta fuska uku. A gida kuwa namiji ne ni, mai addinin masu rinjaye a garinmu, mai harshen da kowa ke tilasta wa kansa koya in yana son cin kasuwa. Sai da na je wata ƙasa aka zaunar da ni a da'ira kafin na yi tunanin yadda mai shagon unguwarmu, wanda aka haifa a garin amma har yau ake kiransa da sunan ƙabilarsa, yake jin gari.

Za a tilasta mini in yarda da abin da addinina ya hana?

A'a. Ba a ba da maki a kan sauya ra'ayi, kuma yawanci kai kake jera jigogin da kake so tun wajen rajista. Amma ka sani ko wane jigo ka zaɓa, za ka iya samun kanka kusa da wanda ba ya bin kowane addini, ko mai neman jinsi, ko wanda abin da ya sani game da Musulunci bai wuce labaran talabijin ba. Abin da ake nema gare ka shi ne ka saurare shi har ya gama, kada ka ci mutuncinsa. Shi ma haka za a nema gare shi in kai ne ke magana. Kana iya cewa “addinina ya koya mini kaza, kuma na yi imani da shi”. Ba za a bar ka ka juya zaman ya zama wa'azi ba.

Ina sa hijabi. Ba za a mayar da ni kakakin Musulmin duniya ba?

Za a gwada, galibi ba da mugun nufi ba. Ƙa'idar ita ce ba wanda ke wakiltar rukuninsa, kuma aikin masu jan ragama ne su tare irin wannan tambaya. In sun yi sakaci, kina da damar cewa “ni kaina kawai zan iya yi wa magana”, ko ki ce yau ba ki son amsawa. In abin ya yi yawa ki same su bayan zama. Duba kuma amsar da ke kan nauyin da ake ɗora wa marasa rinjaye.

Abin da na faɗa a ɗakin zai fita waje?

Ƙa'idar da ake rubutawa a makon farko ita ce labarin mutum ya tsaya a ɗakin, darasin da aka koya ya fita. Alkawari ne tsakanin ɗalibai, ba doka ba, kuma magana zarar bunu ce. Akwai iyaka guda da ya kamata ka sani: a ƙarƙashin dokar nan ta 1972 da ake kira Title IX da ƙa'idojin da jami'o'i suka gina a kanta, ma'aikata da yawa wajibi ne su kai rahoto in wani ya bayyana cewa an ci zarafinsa ta hanyar lalata. Tambayi masu jan ragama tun ranar farko ko wannan wajibi ya hau kansu. Matsayin takardunka na zama a ƙasa kuwa, ko na wani naka, ba abin da zai sa ka faɗe shi a wurin.

Turancina bai gama nuna ba. Zan iya?

Za ka iya, har ma ka fi wasu, domin rabin aikin sauraro ne. Ana yawan magana bi da bi, ana kuma barin shiru ya ɗan daɗe ba a cike shi ba. Abin da ya fi ba namu wahala ba nahawu ba ne, al'ada ce: kallon mutum cikin ido, kiran babba da sunansa tsirara, da faɗin sirrin gida a gaban baƙi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ba wanda zai matsa maka ka zazzage shi duka.

Yaya ake ba da maki?

Halarta ce kan gaba, domin rashin mutum ɗaya yana karkatar da ma'aunin rukuni biyun. Fashi biyu ko uku na iya kayar da kai. Sai ɗan rubutun mako-mako a kan karatun da abin da ya faru a zama, aikin haɗin gwiwa, da doguwar takarda a ƙarshe. Galibi babu jarrabawa.

Akwai hujja cewa yana aiki, ko daɗin baki ne?

Akwai. Bincike mafi girma shi ne wanda Patricia Gurin ta jagoranta tare da Nagda da Zúñiga a jami'o'i tara, aka wallafa cikakken sakamakonsa a 2013. Ɗalibai sama da 1,400 da suka nemi shiga aka raba ta hanyar ƙuri'a, wasu suka samu kujera wasu ba su samu ba, a azuzuwa 52, rabi kan launin fata rabi kan jinsi. Ƙuri'ar ce ta ba binciken ƙarfi, tunda duka ɓangarorin biyu masu son shiga ne. Waɗanda suka yi kwas ɗin sun fi sauran fahimtar yadda tsarin al'umma ke haifar da rashin daidaito, sun fi tausaya wa ɗaya rukunin, sun fi shirin yin aiki tare, kuma da aka koma bayan shekara guda yawancin bambancin yana nan.

Sai dai a riƙe abu biyu. Yawancin abin da aka auna amsoshin da ɗalibai suka bayar ne game da kansu. Sannan duk waɗanda aka gwada da ƙafarsu suka zo. Binciken bai nuna abin da zai faru in an tilasta wa wanda ba ya so ba, kuma a ganina kwas ɗin dole irin wannan ɓata lokacin kowa ne.

Ba ɗora wa marasa rinjaye nauyin koyar da masu rinjaye ba ne?

Wannan suka tana da tushe. Wani yana buɗe tsohon miki, wani yana rubuta darasi a littafi, kuma makinsu ɗaya. Akwai ma bincike na 2009 da Tamar Saguy da abokan aikinta suka yi, wanda ya nuna cewa zaman da ya tsaya kan “duk ɗaya muke” yana sa waɗanda ake danne wa hakki su sa ran adalcin da ba ya zuwa, su kuma rage kula da rashin daidaiton. Dalilin da ya sa tsarin Michigan ba ya tsayawa a kan zumunci ke nan, sai ya tono maganar iko.

Wani binciken na Emile Bruneau da Rebecca Saxe a 2012, tsakanin Falasɗinawa da Isra'ilawa da kuma 'yan Meziko da suka yi ƙaura zuwa Amurka da fararen fata a jihar Arizona, ya gano abin da ya dace da abin da na gani: ɓangaren da ba shi da ƙarfi ya fi sassautowa idan aka saurare shi har aka maimaita masa abin da ya faɗa daidai, ɓangare mai ƙarfi kuwa idan shi ne ya yi sauraron. Ke nan raba lokacin magana daidai wa daida ba lallai ne ya zama adalci ba.

Wasu na cewa cusa aƙida ne. Gaskiya ne?

Masu ra'ayin riƙau a Amurka suna cewa kwas ɗin ya riga ya yanke hukunci tun kafin a zauna: wannan rukuni mai gata, wancan wanda aka zalunta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin karatun da ake bayarwa ya fi karkata ɓangare guda, kuma na ga zaman da ɗan ƙauye farar fata, wanda mahaifinsa ya rasa aiki da aka rufe masana'anta, ya yi shiru har zango ya ƙare don ya ga ba a tanadi gurbin labarinsa ba. Wannan gazawar masu jan ragama ce, kuma tana faruwa.

Siyasar ƙasar ma ta shigo ciki. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, jihohin Florida da Texas suka yi dokokin da suka rufe ofisoshin kula da bambancin asali a jami'o'in gwamnati, ita kanta Jami'ar Michigan ta rufe nata babban ofishin a Maris 2025. Saboda haka kwas ɗin na iya sauya suna ko sashe daga shekara zuwa shekara. Kundin bana za ka duba, ba na bara ba.

Zai yi aiki a jami'o'inmu na gida?

Haɗa mutane ba baƙon abu ba ne a Najeriya: hidimar ƙasa da aka fara a 1973 da makarantun haɗin kai na tarayya duk a kan wannan tunani aka gina su. A Kaduna kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun daɗe suna zaunar da matasan addinai biyu tun tsakiyar shekarun 1990. Akwai gwaji ɗaya da ya kamata mai wannan niyya ya sani. Alexandra Scacco da Shana Warren sun shirya wa samari Musulmi da Kirista koyon kwamfuta na mako 16 a Kaduna, wasu a aji mai gauraye, wasu a aji na addini ɗaya, ba tare da an taɓo maganar addini ba. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna ra'ayin samarin game da juna bai sauya ba, amma 'yan aji mai gauraye sun fi 'yan aji ɗaya adalci wajen rabon kuɗi da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Wanda zai kawo tsarin gida sai ya sauya rukunonin, domin layukanmu daban ne: addini, ɗan ƙasa da baƙo, manomi da makiyayi, ɗan boko da almajiri. Sai ya yi tunanin girma da shekaru, tunda ɗan aji ɗaya ba zai musa wa ɗan aji huɗu a fili ba. Kuma kalma ɗaya da ta fita daga ɗakin a karkace tana iya jawo abin da ya fi rasa maki nesa ba kusa ba, don haka horon masu jan ragama da amincewar hukumar makaranta su ne farko.

Jami'ata ba ta da kwas ɗin. Akwai makamancinsa?

Nemi ƙungiyar Sustained Dialogue, wadda ɗalibai suka fara a Princeton a 1999 bisa tsarin Harold Saunders, jami'in diflomasiyyar da ya yi aiki a sulhun Camp David na 1978 tsakanin Masar da Isra'ila. Ita ba maki a cikinta, ɗalibai ne ke tafiyar da abinsu. Akwai kuma Soliya, wadda aka kafa a 2003, tana haɗa ɗaliban Amurka da Turai da na ƙasashen Musulmi ta bidiyo a intanet, ƙananan rukunoni da masu jan ragama, mako-mako. Ita wannan ta hannun malami ake shiga galibi, don haka sai ka tambayi sashenku ko suna cikin shirin, ka kuma tanadi data da wurin da ba hayaniya na awa biyu.